Ɗurin bindigar toka a ƙauyukan Kano ta Arewa: Wa ke koyar da sababbin masu riƙe ta?

Tun daga ƙarshen daminar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka matsa da tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, wata tsohuwar kadara ta sake samun daraja a karkarar Kano ta Arewa. Bindigar toka, wadda a gidaje da yawa ta shafe shekaru tana jingine a bayan ƙyaure, yanzu ana ɗauko ta, a kankare tsatsa, a kai wa maƙeri ya duba kunama. A farkon watan Nuwamban 2025 rundunar soji ta sanar da kashe 'yan bindiga 19 a yankin Shanono, ita kuma ta rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai ɗaya. Kafin watan ya ƙare an sake jin labarin sace mutane a ƙauyukan Tsanyawa. Manomin da ya ji irin wannan labari daga ƙauyen da yake zuwa cin kasuwa ba ya buƙatar wani ya gaya masa cewa ya kwana da ido ɗaya.

Muhawarar da ake yi a birni ta tsaya a kan tambaya guda: shin ya dace a bar talaka ya riƙe makami, ko bai dace ba? An yi ta a 2021 da Aminu Bello Masari, yana Gwamnan Katsina, ya shawarci jama'a su nemi abin kare kai. An sake yin ta a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Amma akwai tambaya ta biyu da ba a cika ɗagawa ba, alhali ita ce ke raba mai hannu biyu da mai dungu. Matashin da ya gaji bindigar kakansa, ko ya sayi sabuwa a ɓoye, wa ya koya masa ɗurinta? A wurin wa ya ji irin albarushin da ƙarfenta zai iya ɗauka? In kuma abin da aka gaya masa ƙarya ne, wa zai kama?

Ƙasar da babu daji

Ba za a fahimci nauyin wannan tambaya ba sai an dubi irin ƙasar da ake magana a kanta. Yankin da ya kewaye birnin Kano, musamman daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinsa tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni da na dabbobin gida. Gona na manne da gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa ne ko'ina, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aka bari tsaye saboda amfaninsu. Daga wannan gida ana hango rufin wancan.

A irin wannan wuri, farauta ta daɗe da zama ta zomo da kurege da gafiya da fakara, kuma sanda da kare sun ishe ta. Maharbin da ke neman nama na gaske sai ya yi tafiya: ko kudu zuwa dajin Falgore da kewayensa, ko ma ya bar jihar baki ɗaya. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris ɗin 2025 ya tona wa mutanen birni nisan wannan tafiya. Mafarauta 16 ne aka kashe a can, suna kan hanyar dawowa daga Jihar Ribas don yin Sallah a gida, yawancinsu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure da maƙwabtanta. Bindigogin farauta ƙirar gida da aka gani a motar su ne aka fake da su. Wannan kisa na zalunci ya nuna abu biyu: cewa sana'ar na nan da ranta, da kuma cewa gwanayenta suna cin abincinsu ne ɗaruruwan kilomita nesa da ƙauyukansu.

Saboda haka ilimin bindiga a Kano ta Arewa ya yi siriri. Yana hannun tsofaffi 'yan kaɗan da wasu gidajen maƙera. Masu neman sa yanzu kuwa sun yi yawa, kuma ba mafarauta ba ne. Manoma ne da 'yan tireda da 'yan acaɓa da aka rubuta sunayensu a jerin masu sintirin dare. Cunkoson gidaje ya ƙara wa abin haɗari. Harbin da ya kuskure a daji bishiya zai samu. A nan katangar maƙwabci ce ko akurkin yaransa. Gwangwanin albarushin da aka ajiye kusa da murhu ba mai shi kaɗai zai ci ba.

Yadda ilimin yake tafiya a da

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye rukunin 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimun ya kai ga sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birnin Zinder a rabin ƙarni na 19 na biyu. 'Yan bindigar fada da ke girgiza gari da harbi a hawan Sallah magada ne na wannan tsohon tsari. Sunan da Turawa ke kiran bindigar toka da shi ma yana komawa ne ga fataken Denmark da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun ƙasar Ghana ta yau. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushi na gama-gari. Wato dai, zaman bindigar toka makamin talaka ba haɗari ba ne. Doka ce ta Turawa ta tsara hakan, kuma dokar Najeriya ta gaje shi.

Abin da ya riƙe wannan makami cikin iyaka shi ne tsarin koyo. Yaro ba ya taɓa bindiga sai ya daɗe yana ɗaukar jakar maigidansa. Yana kallon yadda ake share bututu, yadda ake tabbatar da babu tsohon ɗuri a ciki, yadda ake kiyaye albarushi daga danshin damina da zafin bazara, da yadda ake jira idan an ja kunama ba ta tashi ba. Maƙerin da ya ƙera bindigar sananne ne, kuma shi ne ya san kaurin ƙarfen da ya yi aiki da shi. Ma'aunin ɗurin kowace bindiga nata ne ita kaɗai; ba a ɗaukar na wannan a zuba wa waccan. A sama da su akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, a sama da waɗannan kuma dagaci da hakimi. Idan bindiga ta fashe a hannun wani, gari ya san wanda ya ƙera ta da wanda ya koya wa mai ita. Kunya kaɗai ta isa hukunci, domin maƙerin da aka yi wa shaidar bindigarsa na fashewa ko fartanya ba za a sake kawo masa ba.

Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba shi da ita ba. Yana cike da sirri, kuma gaskiya da camfi a cakuɗe suke a cikinsa. Maigidan da zai koya wa yaronsa tsabtace bututu shi ne kuma zai ba shi laya ya ce ƙarfe ba zai ci shi ba. Bindigogi sun sha fashewa tun zamanin fatake, har masana tarihi suka rubuta cewa mayaƙan gaɓar teku kan harba su ne daga kugu, nesa da fuska, saboda rashin yarda da su. Duk da haka tsarin yana da abu guda mai tsada: kowace magana tana da mai ita, mai ita kuma yana da gida a gari.

Sababbin malamai

Yau matashin da ke neman sani yana da malamai uku, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai zo masa dubiya.

Na farko mai sayarwa ne. Tun da yake cinikin a ɓoye ake yin sa, ba a tambayar asalin kaya. Ana miƙa ƙulli a leda, a karɓi kuɗi, a rabu. Mai sayarwa ba shi ya haɗa ba, shi ma sara ya yi, kuma abin da zai faɗa kullum shi ne nasa ya fi ƙarfi. A wannan harka kuwa kalmar ƙarfi ita ce ya kamata ta sa mai saye ya ja da baya.

Na biyu waya ce. Bidiyon TikTok da YouTube da saƙonnin murya na WhatsApp suna isa ƙauyen da jami'in gona bai taɓa takawa ba. Mai bidiyo yana nuna harbin da ya yi kyau ne kawai. Wanda ya tsage bututu ba a ɗora shi, in ma an ɗora, don dariya ne. Ba a san irin ƙarfen bindigarsa ba, ba a san abin da ya zuba ba, ba a san ko yana da yatsu goma a yau ba. Ga kuma manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa nan take cikin harshe mai daɗi, da murya ɗaya ko sun sani ko ba su sani ba.

Na uku shi ne mafi ruɗi, domin shi a asalinsa mai gaskiya ne: littafin Turawa. Ɗan boko a gidan, ko ƙanen da ke aiki a birni, zai iya cin karo da littattafan da masu sha'awar ɗurin harsashi ke amfani da su a Amurka, ya ga jadawali da lambobi a tsare, ya ɗauka ya samo ilimin da ya fi na tsohon maharbi. Ai kuwa ya ɗebo ruwan dafa kansa. Waɗannan jadawalai an yi su ne don harsashi mai kwanson tagulla, da albarushin zamani marar hayaƙi, da bindigar masana'anta wadda aka auna komai nata. Albarushin zamani, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, yana haifar da matsin da ya ninka na baƙin albarushin gargajiya nesa ba kusa ba. Gargaɗin da kamfanonin bindiga na duniya suka haɗu a kansa, har wasu ke zana shi a jikin ƙarfen, shi ne kada a kuskura a zuba albarushin zamani a bindigar da ake ɗurawa ta baki wadda aka yi don baƙin albarushi. In hakan na iya tarwatsa bindigar da aka ƙera a masana'anta, ina ga wadda aka yi da bututun da asalinsa na ruwa ne? Wanda ya farke harsashin zamani ya juye abin cikinsa a bindigar toka, bam ya haɗa, ya kuma kara shi a kuncinsa.

Ashe ingancin madogara bai tsaya ga gaskiyar marubuci ba. Littafin da ya yi daidai a Nebraska yana iya zama ajalin mutum a Kunchi.

Abin da ya sa ake yarda da littafi a can

Yana da kyau a dubi dalilin da ya sa waɗancan littattafai suka samu amincewa a ƙasashensu, domin darasin yana cikin dalilin ne, ba cikin lambobin ba. A Amurka ɗurin harsashi a gida halal ne a doka, kuma sha'awa ce ta mutane masu ɗimbin yawa. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer da Hodgdon suna wallafa littattafan awo, suna sabunta su bugu bayan bugu. Kowane awo da ke ciki an gwada shi a ɗakin bincike da na'urar auna matsi, an rubuta irin bututun da aka yi gwajin da shi, an faɗi mafi ƙanƙantar awo da iyakar da ba a ƙetarewa. A bayansu akwai ƙungiyar masana'antun makamai da harsasai ta SAAMI, wadda aka kafa a 1926, mai tsayar da ma'aunin da kowa ke bi. A Turai akwai hukumar CIP, wadda asalinta ke komawa 1914. A Ingila, gidan gwajin bindiga na Birmingham yana aiki tun 1813 bisa dokar majalisa, na Landan ma ya girme shi. Ana harba kowace sabuwar bindiga da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi laifi ne.

Duk da wannan shiri, ƙwararrun masu sha'awar a can ba sa yarda da littafi ɗaya. Al'adarsu ita ce a gwama littattafai biyu ko uku, a yi aiki da sabon bugu domin kamfani kan sauya haɗin albarushinsa, a ƙi awon da wani ya rubuta a intanet ba tare da madogara ba, a kuma ƙi harba harsashin da wani ya ɗura in ba a san hannunsa ba. Kamfanin da ya wallafa kuskure yana da adireshi, ana iya maka shi a kotu, shi ya sa yake fitar da sanarwar gyara ko janye kaya.

Ɗan kasuwar Dawanau ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san bambancin tiyar da shugabannin kasuwa suka amince da ita da wadda aka bubbuge gindinta. Ya san dalilin da ya sa ba a sayen sa a kasuwar Ɗambatta sai da dillalin da zai tsaya idan aka zo cigiya. Abin da SAAMI da gidan gwajin Birmingham suke yi ke nan: su ne tiyar hukuma, su ne dillalin da ba ya gudu. Tsohon tsarin Sarkin Maƙera ma abin da yake yi ke nan daidai gwargwadonsa. Madogarar da za a yarda da ita, a Kano ko a Kansas, ita ce wadda aka san mai ita, aka gwada maganarta a kan irin wannan ƙarfen da ke hannu, kuma akwai wanda zai amsa tambaya ranar da abu ya ɓaci. Mai ƙulli a leda da mai bidiyo sun faɗi duka ukun. Littafin Turawa ya ci biyu ya faɗi na tsakiya, kuma na tsakiyar ne ke cire hannu.

Doka ta yi magana, hukuma ta yi shiru

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na ƙashin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato su bindigar toka, al'amarinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Ta kuma hana ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi a wajen ma'ajiyar makaman gwamnati, da hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka abin da Ba'amurke ke yi a garejinsa don nishaɗi, wato sake cika kwanson harsashi, a Najeriya hanyar gidan yari ce, kuma ya kamata ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke da bindiga mai lasisi ya san da haka kafin wani ya ruɗe shi da cewa zai rage masa tsadar harsashi.

Sai dai a cikin wannan doka akwai wata ƙofa da aka manta da ita. Ta ba Sufeto Janar ikon bai wa mutum izinin ƙera da gyaran bindigar toka, da amincewar gwamnan jiha. Ma'ana, tun 1959 an yi tanadin maƙerin bindiga mai rajista. A aikace kuwa, abin da maƙeri ya sani game da hukuma shi ne kame da baje kolinsa a gaban 'yan jarida. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ba ta doka a 2024, ta fi mayar da hankali ga tattarawa da lalata makamai. Kamfanin DICON da ke Kaduna tun 1964 aikinsa na jami'an tsaro ne. Cibiyar binciken Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, kuma a rahotonta na 2018 kan ƙirar gida ta nuna cewa maƙera na ƙara gwanancewa, buƙatar kare kai kuma ita ce ke ciyar da kasuwarsu.

Sakamakon wannan shiru shi ne ilimin ya koma ƙarƙashin ƙasa, kuma masu hankalin ne suka fara yin gum. Tsohon maƙerin da ya san aikinsa, wanda ba zai miƙa bindiga ba sai ya gwada ta daga nesa, shi ne mai gida da iyali da mutuncin da zai rasa, don haka sai ya ce shi garma da lauje kawai yake yi. Fili ya rage wa mai walda da ya koyi abin a wata uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka kuma haɗarin da ya faru ba ya zama darasi. Wanda bindiga ta fashe masa yana tsoron asibiti saboda tsoron tambayar ɗan sanda, sai a kai shi wurin maɗori ko mai kemis, a ce injin nika ne ya ci shi. Mutane da yawa ba su san cewa tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, ko da yake za a sanar da 'yan sanda daga baya. Hannun da likitocin Asibitin Ƙashi na Dala za su iya cetowa a ranar farko, in ya kwana uku a ɗaure da tsumma sai yankewa. Kuma tun da an ɓoye sanadin, maƙerin da ya yi bindigar da mai ƙullin da ya sayar da albarushin za su ci gaba da ciniki ranar kasuwa mai zuwa.

Akwai ma wata ɓarna da ba ta ƙara. Narka dalma a tsakar gida, a kaskon da yara ke wasa kusa da shi, guba ce mai shiga jini a hankali. Zamfara ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. Hanyar shigar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce.

Wa ya rage a tambaya?

Masu adawa da duk wata maganar rajistar maƙera suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa bindigar da aka inganta don manomi ita ce gobe za a gani a hannun ɗan fashi ko ɗan daba, kuma abin da 'yan sa-kai suka aikata a wasu sassan Zamfara da Katsina, na kashe mutane ba shari'a, yana cikin abin da ya hura wutar da ake fama da ita. Kano, mai fama da faɗan daba a unguwanninta, tana da dalilin yin kaffa-kaffa. Amma wannan hujja tana magana ne a kan ƙara yawan bindigogi. Waɗanda ake zance a kansu suna nan tuni, an riga an sauko da su, kuma hukuma da kanta tana aiki da masu riƙe su a matsayin 'yan sa-kai da mafarauta masu rakiyar sojoji. 'Yan bindigar daji kuwa ba da bindigar toka suke zuwa ba. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ba ta ce a yi kamar masu ƙirar gida ba su wanzu ba. Cewa ta yi a ƙidaya su, a yi musu rajista, a sa wa abin da suka ƙera alama. Ghana ta gwada jawo ƙungiyoyin maƙera kusa da hukumarta ta ƙananan makamai maimakon farautarsu kawai. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, dukkansu da horo da albashi da shugaban da za a tuhuma. Ko me za a ce game da nasararsu, aƙalla an san wanda ya koya wa wa.

A Kano ta Arewa kayan aikin suna nan, haɗa su ne ba a yi ba. Hakiman Shanono da Tsanyawa da Bagwai da Bichi sun san dagatansu, dagatai sun san maƙeransu da maharbansu gida-gida. Rundunar 'yan sanda tana da jami'an kula da ma'ajiyar makamai waɗanda duba lafiyar bindiga shi ne aikinsu na kullum. Ba sai an wallafa wa kowa littafin awo ba, kuma bai ma kamata a yi ba. Abin da ake buƙata ƙarami ne: duk wanda aka sa sunansa a sintiri a san bindigarsa, wanda ya san ƙarfe ya duba ta, wadda ta tsufa ko ta tsage a karɓe ta, a kuma haɗa shi da dattijon maharbin da gari ya yarda da shi. Gidajen rediyon Kano, waɗanda manomi ke saurare fiye da kowane jami'i, za su iya maimaita gargaɗi uku ko huɗu da ba su koya wa kowa haɗa komai ba: kada a haɗa albarushin zamani da bindigar toka, kada a sayi ƙullin da ba a san asalinsa ba, kada a leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi, kada a ɓoye mai rauni.

Mutanen birni ma suna da hannu a ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Kuɗin da ake sayen bindiga da albarushi a ƙauye sau da yawa daga Kantin Kwari da Singa da sakatariyar Audu Baƙo yake fitowa, ta hannun ɗan da aka kira aka ce gari ba lafiya, a taimaka da na sintiri. Mai turo kuɗin yakan tambayi nawa ne, ba ya tambayar wa ya ƙera, wa ya duba, wa zai koyar, kuma ko dagaci da 'yan sandan yankin sun san da maganar. Wanda zai riƙe bindigar kuwa ƙanensa ne, ko ɗan yayansa mai shekara 20 da ake sa ran zai yi huɗar gonar gidan da damina mai zuwa.